Idan Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Yawon Buɗe Ido Ya Kauce Daga Dogo: Abin da Za Ka Yi Ka Tsira

Ƙananan jiragen ƙasa masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido suna sa mutum ya saki jiki fiye da kima. Ga su 'yan firit, an shafa musu fenti mai ɗaukar ido, suna tafiya sannu-sannu, fasinjoji na leƙo kai ta taga suna ɗaukar hoto. Da wuya wanda ya shiga ya kawo wa ransa cewa wannan abu na iya kifewa. Amma jirgi ne, ƙarfe ne mai nauyin tan-tan, kuma galibi hanyarsa ta fi ta manyan jirage wuya.

Jirgin Darjeeling na ƙasar Indiya, wanda aka buɗe a 1881, tsakanin dogonsa biyu milimita 610 ne kacal. Na Kalka zuwa Shimla, shi ma a Indiya, mai tsawon kilomita 96, da na dajin Alishan a Taiwan, nasu milimita 762 ne. Manyan jirage kuwa yawanci kan milimita 1,435 suke tafiya. An ƙuntata dogon ne da gangan domin jirgi ya iya shan kwana mai tsanani a jikin dutse. Sai dai tarago mai tsayi a kan ƙafafun da ke kusa da juna bai da wuyar jirkicewa idan gudu ya wuce ƙa'ida a kwana. Ga kuma zaizayar ƙasa bayan ruwan sama, ga itatuwa a bakin hanya, ga tsofaffin injuna da taragun katako waɗanda wasunsu sun haura shekara ɗari.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwar rubuta wannan jagora shi ne waɗannan jirage ba sa gudu. A Birtaniya, yawancin layukan tarihi ba a yarda su wuce kilomita 40 a sa'a ba, na kan duwatsu kuwa sun fi haka tafiyar hawainiya. Saboda haka girgizar farko ba kasafai take kashe wanda ke zaune a cikin tarago yana riƙe da wani abu ba. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda jikinsa ya fita waje, ko ya yi tsalle, ko aka wurga shi ta taga, sai kuma wanda jini ya ƙare masa kafin agaji ya iso. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Tun kafin jirgi ya tashi

Ka ba wa taragon da ka shiga minti ɗaya na kallo. Ƙofofi nawa ne, kuma ta ina ake buɗe su? A tsofaffin taragu da dama babu hannun buɗewa daga ciki, sai ka sauke gilashin ƙofa ka zura hannu ka murɗa daga waje. A wasu layukan ma ma'aikaci ne ke kulle ƙofa kafin a tashi. Idan haka ne, ka tambaye shi yadda ake fita in an shiga halin gaggawa. Ba rashin kunya ba ne, kuma ma'aikacin kirki yakan ji daɗin tambayar. Ka duba inda igiya ko maɗannin tsayar da jirgi yake, da 'yar gudumar fasa gilashi in akwai, da tukunyar kashe gobara, da akwatin taimakon farko.

Batun wurin zama, babu kujerar da za a ce wanda ya zauna a kai ya tsira. Amma in kana da zaɓi, taragun tsakiya sun fi na gaba da na ƙarshe, domin su ne ba su fi kusa da karo ta gaba ko ta baya ba. Kujerar da ke kallon baya ta fi mai kallon gaba, saboda in jirgi ya tsaya cak, jikinka cikin jinginar kujera zai nutse maimakon a cilla ka gaba. Yaro kuwa a zaunar da shi ta ciki, babba ya zauna ta taga, musamman a tarago mai buɗaɗɗen gefe.

Jaka mai nauyi ta shiga ƙarƙashin kujera. Wadda aka ɗora sama, in tarago ya karkata, kan wani za ta sauka. Waya, fasfo da magungunan da kake sha kullum su kasance a aljihu ko a 'yar jakar da ke rataye a jikinka. Ka sa takalmi rufaffe, don bayan hatsari ƙasa cike take da fasasshen gilashi da tsakuwa mai kaifi. Ka riƙe rigar sanyi ko da ana zafi a tasha, domin duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi.

Sai lambar kiran agaji ta ƙasar da kake: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai da Indiya, 999 ko 112 a Birtaniya, 911 a Amurka, 000 a Ostireliya, 119 a Taiwan da Japan. Ka haddace ta kafin ka hau.

Akwai ɗabi'ar da nake roƙon kowa ya bari: tsayuwa a bakin ƙofa ko a kan matakala ana ɗaukar hoto, da zama a tsakanin tarago biyu. A jirgin Puffing Billy na Ostireliya an saba fasinjoji su zauna a kan taga su zuro ƙafafu waje. Bayan wata ƙaramar bas ta yi karo da jirgin a mahaɗar titi da dogo a 2018, sai aka dakatar da hakan har tsawon shekaru. Ko inda doka ta yarda, ka san cewa in tarago ya kwanta ta gefenka, abin da ke waje shi zai fara dannewa.

Alamun da ke riga hatsari zuwa

Wani lokaci babu alama ko ɗaya. A watan Afrilun 2011 bishiya ce ta faɗo wa jirgin Alishan, taragu suka kife, mutum 5 suka rasu. Babu fasinjan da zai iya hango wannan. Amma sau da yawa akan sami 'yan daƙiƙu.

Jirgin da ke kan dogonsa yana da kiɗa guda da kunne ke sabawa da shi, ƙaƙas-ƙaƙas a jere. In ƙafa ta sauka daga dogo, kiɗan nan zai yanke nan take. Sai ka ji duka mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙafafunka, bam-bam-bam da sauri, domin ƙafar ƙarfen tana bin kan katakan da aka shimfiɗa dogo a kai. Haƙoranka za su riƙa haɗuwa, tsakuwa na bugun ƙasan tarago, ƙura na tasowa ta taga, kwalbar ruwan da ke kan benci ta yi tsalle ta faɗi. Da ka ji haka kada ka leƙa don ganin abin da ke faruwa.

Alama ta biyu ita ce gudun da ke ƙaruwa a gangara ba tare da ka ji birki na kamawa ba, ko ka ji jikinka na matsuwa gefe guda a kwana fiye da yadda aka saba tun farkon tafiya, ko direba ya yi ta busa usur ba ƙaƙƙautawa. A ranar 1 ga Maris 2003, jirgin Alishan ya ƙwace a gangara saboda iskar birki ba ta isa taragu ba, mutum 17 suka rasa rayukansu. A Satumban 2015 kuma wani jirgin haya ɗauke da 'yan yawon buɗe ido daga Birtaniya ya kauce jim kaɗan bayan ya bar Kalka, mata 2 suka rasu, aka danganta abin da gudu fiye da ƙa'ida a kwana.

In igiyar tsayar da jirgi tana inda hannunka zai kai daga zaune, ka ja ta. In sai ka miƙe ka taka zuwa wurinta, ka bar ta. Wanda ke tsaye shi ake fara cillawa.

Kada ka yi tsalle

A nan zan daɗe, domin a nan ne zuciya ke yaudarar mutum. Jirgi na tafiya a hankali, ƙasa ga ta nan kusa, ƙofa ko gefe a buɗe. Komai na jikinka zai ce maka ka dira.

Ranar 6 ga Afrilu 1896 aka buɗe layin da ke hawa dutsen Snowdon a yankin Wales. A ranar ce, wajen saukowa, injin jirgin farko ya saki dogo mai haƙora da ke tsakiya, wanda yake kamawa don kada ya zame a gangara, ya ƙwace. Direba da mai zuba kwal suka dira, injin ya faɗa gefen dutse. Taragu biyu da ke biye da shi suna da birkinsu mai kama kansa in gudu ya yi yawa, birkin ya kama, suka tsaya da fasinjojinsu lafiya. Mutum ɗaya ya rasu sakamakon hatsarin, shi ne fasinjan da ya ga ma'aikata sun dira shi ma ya dira, ya ji mummunan rauni a ƙafa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ga lissafin. Dira daga jirgin da ke tafiyar kilomita 25 a sa'a daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 2 da rabi, kafin ma a haɗa da tsayin taragon kansa. In kilomita 40 ne, ya zama kamar faɗowa daga sama da mita 6. Kuma ba kan ciyawa za ka sauka ba. Tsakuwa ce, da turakun ƙarfe, da bangon dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Mafi muni, taragon da ka baro ko na bayansa na iya kwantawa daidai inda ka faɗi. Jikin tarago, ko na katako ne, garkuwa ne a gare ka, kuma taragun fasinja na da birkin da ke kamawa da kansa in suka rabu da inji. Ka ba shi dama ya yi aikinsa.

Daƙiƙun girgiza

Ka ɗaga murya da kalmomi kaɗan: "Ku sunkuya! Ku riƙe!" Ko mutanen ba sa jin harshenka, in suka ga ka sunkuya za su bi.

In kujerarka na kallon gaba, ka matsa baya sosai, ka dasa tafin ƙafafunka a ƙasa, ka sunkuya har kanka ya taɓa bayan kujerar gaba ko gwiwoyinka, ka ɗora hannu ɗaya kan ɗaya a ƙeya, gwiwar hannu na kare fuska. Kada ka sarƙe yatsu. In tana kallon baya, ka manna bayanka da ƙeyarka a jingina, ka kare kai da wuya da hannuwa. In benci ne mai bin tsawon tarago, ko tarago mai buɗaɗɗen gefe, ka zame ƙasa, ka rungumi ƙafar benci ko turken ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan a kai. Wanda abin ya same shi a tsaye ya zube ƙasa nan take ya kama abin da ke kafe. Ka juya fuska daga gilashi, ka janye hannu da ƙafa daga taga.

Mai riƙe da jariri ta manna shi a ƙirji, hannu ɗaya a ƙeyarsa, ta sunkuya a kansa. Yaro mai wayo a tura shi ƙasa tsakanin kujeru, babba ya rufe shi da jikinsa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne hatsarin jirgin ƙasa ba bugu ɗaya ba ne. Tarago na farko zai tsaya, na baya ya zo ya buge shi, na bayansa ma haka. Yana iya karkata, ya ɗan tsaya, sannan ya ƙarasa kwanciya. Kada ka saki abin da ka riƙe don ka ji an lafa. Sai komai ya tsaya cik, sannan ka ƙirga goma a ranka kafin ka ɗago.

Bayan an tsaya: a fita ko a zauna?

Ka fara da kanka. Ka motsa yatsun hannu da na ƙafa, ka shafa kai da wuya da ciki da cinyoyi ka dubi tafinka ko akwai jini. A irin wannan lokaci jiki kan ɓoye zafi, mutum na iya tafiya da karaya bai sani ba.

Daga nan ka dubi halin da tarago ke ciki. In yana tsaye a kan ƙafafunsa, babu hayaƙi, babu warin mai, ba ya rawa, to zama a ciki har ma'aikata su zo ya fi, musamman a kan gada ko inda akwai wayoyin lantarki a sama. In kuwa akwai wuta ko hayaƙi, ko tururi na shigowa, ko ruwa, ko tarago na lilo a bakin rami, ko ƙasa na ci gaba da zubowa daga sama, a fita ba tare da jira ba.

Taragon da ya karkata wajen rami yana bukatar natsuwa ta musamman. Kada kowa ya ruga lokaci guda. A matsa ɗaya bayan ɗaya zuwa gefen dutse, a hankali, a fita ta nan.

In tarago ya kwanta a gefensa, komai ya juye. Tagogin gefe ɗaya sun koma ƙasa, kana taka gilashi, ɗaya gefen ya koma rufi, ƙofarsa na sama da kanka kuma nauyinta ya ninka saboda sai an ɗaga ta. Kafin ka wahalar da kanka da ita, ka duba ƙofofin da ke ƙarshen tarago biyu, su ne suka fi sauƙin bi. In babu, kujerun da suka koma jikin bango su ne tsaninka. Mai ƙarfi ɗaya ya fara hawa ya zauna a sama yana jawo mutane, wani ya tsaya a ƙasa yana turawa. Kada wanda ya hau ya dira daga can, ya nemi inda zai zame a hankali. Kuma kada kowa ya bi ta tagar ƙasa ya rarrafa ƙarƙashin tarago, ko da akwai sarari, domin yana iya sake motsawa.

In sai an fasa gilashi, a bugi kusurwarsa da guduma ko wani ƙarfe mai tsini, ba tsakiya ba. Ka kau da fuska, ka naɗe hannu da riga, mutane su ja baya, musamman in gilashin na sama da su. Ka share ragowar da ke jikin firam, ka shimfiɗa riga mai kauri ko matashin kujera a kai kafin a bi. Wani gilashin mai leda a tsakiya ba ya tarwatsewa, tsagewa kawai yake yi, sai an tura shi da ƙafa gaba ɗaya. Tsohon gilashi kuma yakan fashe dogo-dogo kamar wuƙa, a yi hattara da shi.

A bar kaya. Akwati a hanyar fita na iya tsare mutum ashirin.

Haɗarin da ke waje

Kafin ka sa ƙafa a ƙasa ka dubi sama da ƙasa. Jiragen duwatsu da yawa, kamar na Jungfrau da Gornergrat a Suwizalan, da lantarki suke aiki. Duk wayar da ta faɗo, ka ɗauka tana da wuta ko da ba ta tartsatsi. Ka ba ta tazarar aƙalla mita 10. In ta kwanta a kan taragonku kuma babu gobara, ku zauna a ciki. In dole ne a fita, a dira da ƙafa biyu a haɗe ba tare da an taɓa tarago da ƙasa a lokaci guda ba, sannan a ja ƙafafu da ƙananan taku har a yi nisa.

In injin mai tururi ne, ka nisance shi sosai. Ruwan da ke cikin tukunyarsa na kai zafin digiri 180 ko fiye, kuma tururin da ke fita daga fasasshen bututu ba a ganinsa a daidai bakin, sai ya ɗan yi nisa yake zama fari. Ga garwashin kwal da zai iya kunna busasshiyar ciyawa. In na dizal ne, kada a kunna ashana ko taba.

Ka sauka daga kan dogo gaba ɗaya. Yawancin waɗannan layuka ƙwaya ɗaya ne, kuma wani jirgin na iya biyowa. A ranar nan ta Snowdon, jirgi na biyu ya sauko ya bugi taragun na farko, an dai yi sa'a ba a rasa rai a wannan karon ba. Tare hanya aikin ma'aikata ne, amma in duk sun ji rauni, mutum ɗaya mai lafiya ya bi gefen dogo ya yi nisa ta inda ake tsammanin jirgi, ya ɗaga hannuwa biyu sama ko ya kaɗa jan ƙyalle, in dare ne ya riƙa kaɗa fitila da ƙarfi. Direbobi sun san wannan alama.

Wurin taruwa ya kasance sama da jirgin, ba ƙasa da shi ba, kuma inda iska ba ta kawo hayaƙi. Tarago, duwatsu da mai duk gangara suke bi.

Ramin da aka fasa cikin dutse yana da tasa doka in wuta ta tashi. Hayaƙi sama yake bi. A Kaprun ta ƙasar Ostiriya, ranar 11 ga Nuwamba 2000, wuta ta kama jirgin da igiya ke ja a cikin rami mai hawa, mutum 155 suka mutu. Fasinjoji 12 da suka tsira su ne waɗanda suka gangara ƙasa. Waɗanda suka nufi sama hayaƙi ya cim musu. In ka sami kanka a rami mai gangara da wuta, ka nufi ƙasa in akwai hanyar wucewa, ka sunkuya, ka rufe hanci da ƙyalle, hannu ɗaya na bin bango.

Kiran agaji

A wakilta mutum ɗaya takamaimai. In aka ce "wani ya kira", kowa zai zaci wani ya kira. Mai kiran ya faɗi sunan layin, tashar ƙarshe da aka wuce, lambar da ke jikin turken kilomita ko gada ko rami mafi kusa, yawan taragun da suka kife, kimanin yawan masu rauni, da ko akwai wuta ko wanda ya maƙale. Taswirar waya na iya nuna lambobin wurin da kake ko babu sabis. In kira ya ƙi shiga, a gwada saƙon tes, a kuma nemi rediyon ma'aikata. Sauran mutane su rage amfani da waya don adana batir.

Ka sa a ranka cewa agaji zai jima. Wasu wuraren babu titin mota kusa, sai ta dogo ko jirgi mai saukar ungulu. A wannan tsakanin ku ne likitocin juna.

Masu rauni: wa za a fara dubawa?

Mai ihu yana numfashi. Ka fara da wanda ya yi shiru, da wanda jini ke bulbulo masa. Ka durƙusa, ka dafa kafaɗarsa, ka ce, "Bawan Allah, kana ji na?" In dattijuwa ce, "Mama, buɗe ido ki dube ni."

Jini mai yawa shi ne abin da ya fi saurin kisa kuma ya fi sauƙin tsayarwa. Ka ninke ƙyalle mafi tsafta da ka samu, ka danna kan raunin da duk ƙarfinka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe ka ƙara wani a kai. In rauni a hannu ko ƙafa ne kuma dannawa ta gaza, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a zura sanda a murɗa har jini ya tsaya, a rubuta lokacin a fatarsa. Zai yi zafi ƙwarai, amma kada a kwance sai ma'aikatan lafiya sun zo. Igiya siririya ko waya ba sa yi, yanka nama suke yi. Gilashi ko ƙarfen da ya nutse a jiki kada a zare shi, a tallafe shi da ƙyalle ta gefe-gefe.

Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, kai da wuya da baya a miƙe, don kada amai ko harshe ya toshe masa hanyar iska. Wanda ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. In masu taimako kaɗan ne, tsayar da jinin masu rai shi ne kan gaba.

Mai kukan ciwon wuya ko baya, ko wanda ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a bar shi inda yake, wani ya riƙe masa kai da hannu biyu kada ya motsa. Ba a ɗaga shi sai in wuta ko faɗowar tarago na barazana. Wanda tarago ya danne, kada a taru a ce za a ɗaga, domin in ya suɓuce zai ƙara danne shi har da masu ɗagawar. A zauna kusa da shi, a tsayar da jinin da hannu ke kaiwa, a riƙa yi masa magana. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20 in ruwan ya samu, a cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a shafa mai ko wani abu.

A lulluɓe duk mai rauni, a sa wani abu tsakaninsa da ƙasa, domin sanyi na hana jini daskarewa. Kada a ba mai mummunan rauni abinci ko abin sha, wataƙila tiyata na jiransa. A ƙirga mutane, kowa ya faɗi da wa ya zo, a duba ƙarƙashin kujeru da cikin ciyawar gefen hanya, don wanda aka wurga waje na iya kasancewa nesa da tarago. Kada kowa ya kama hanya shi kaɗai, in ba haka ba masu ceto za su ɓata lokaci suna neman wanda ya riga ya tafi.

Kwanakin da ke biye

Ko kana jin garau, ka bari likita ya duba ka a ranar. Bugun kai da zubar jini na cikin ciki kan ɓuya na sa'o'i. A cikin kwana biyun farko kada ka kwana kai kaɗai, kuma a koma asibiti da gaggawa in aka ga ciwon kai mai ƙaruwa, amai, ruɗewa, barcin da ba a iya tayar da mutum, gani biyu-biyu, ciwon ciki, jiri, ko wahalar numfashi. Mai juna biyu, da tsofaffi, da masu shan maganin tsinka jini, su kam ko ƙaramin bugu ne sai an duba su.

Ka sanar da iyalinka da bakinka kafin su gani a labarai. Ka adana tikitinka da takardun asibiti, ka ɗauki hoton rauninka da kayanka, amma ka bar hoton waɗanda suka jikkata ko suka rasu, suna da 'yan'uwa. Ka rubuta abin da ka ji da abin da ka gani tun yana sabo, ka ba masu bincike, domin da irin wannan bayani ake gyara layi. Bayan hatsarin Snowdon an rufe layin kimanin shekara guda, aka ƙara masa ƙarafan da ke riƙe jirgi a jikin dogo mai haƙora. In kana ƙasar waje, ka kira kamfanin inshorar tafiyarka da ofishin jakadancin ƙasarku, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimci abin da ke ciki ba.

Firgita cikin barci, faɗuwar gaba in an ji ƙarar ƙarfe, da ƙin shiga abin hawa, duk abubuwa ne da kan sami wanda ya tsallake irin wannan, kuma yawanci suna raguwa cikin 'yan makonni. Yara kan nuna nasu ta hanyar fitsarin kwance ko maƙale wa iyaye. In abin ya wuce wata guda bai sassauta ba, ko ya hana aiki da barci, a je wurin likita a faɗa masa dalla-dalla, akwai maganinsa.